Ranar da Baba Habibu Ya Tsaya a Bayan Katanga

Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira ya san ƙarar takalmin Baba Habibu. Ana idar da sallar asuba zai dawo ya sha shayinsa a tsaye, ya ɗauki 'yar jakarsa, ya sauko mataki bayan mataki yana dafa bango. A bakin titi mai ful, dafaffen waken nan na Misirawa, ya riga ya zuba masa nasa cikin burodi. Daga nan sai mikrobas, ƙananan motocin hayan nan da direbobinsu ba su ɗauki birki a bakin komai ba, har zuwa wata gona a hanyar Saƙƙara, can inda gidaje suka ƙare dabino ya fara. Yana isa zai tuɓe farar jallabiyarsa ya rataye a ƙusa, ya sa kayan aiki, ya shiga wurin karnuka. Haka yake yi tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu da ke zaune a unguwar Hayyus Sabi'i.

E, karnuka na ce, mai karatu ya gyara zama. Ni Ukasha, mutumin Funtuwa, mai yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitocin Alƙahira, ban taɓa shafa kan kare ba, kuma ba ni da niyyar farawa da girmana. Amma ƙofata tana kallon ƙofar wannan dattijo shekara da shekaru, kuma a watan jiya ya ajiye aiki ba a buga masa ko gwangwani ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baba Habibu Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno, cikin jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa suka nufi gabas, suka yada zango a bakin kogi har zangon ya zama gida. Mahaifinsa mafarauci ne, don haka shi tsakanin karnuka ya yi rarrafe. Yana saurayi ya shigo Masar neman abin yi, ya samu sharar bargar dawaki a gonar wani Bamisire mai kiwon saluƙi, wato karen farautar Larabawa, siriri mai dogayen ƙafafu da kunnuwa masu gashi. Ba a yi nisa ba maigidan ya lura karnukansa sun daina zuwa idan ya kira, sai dai su bi mai shara. Mutumin kirki ne, bai yi kishi ba. Ya karɓe tsintsiyar ya miƙa masa igiya. Tun daga ranar Misirawan gonar suke ce masa Amm Habib, wato Baba Habibu da Larabcinsu.

Akwai wani tsohon kulob na masu hannu da shuni a bakin Nilu da ke shirya gasar karnuka idan sanyi ya fara janyewa. Ba faɗa ake haɗa su ba, ba kuma tsere suke yi ba. Alƙali ake ɗaukowa daga Turai, ya duba tsayuwar kare, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa gashi, sannan mai riƙe da igiya ya zaga fili da shi da sassarfa a ga irin tafiyarsa. Wanda ya fi duka shi ne zakaran shekara, a ba shi kofi, a rataye hotonsa a zauren kulob. Ranar da aka fara yi mini wannan bayani na yi dariya har da riƙe ciki. Baba Habibu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗan Funtuwa, ba ku ne kuke yi wa rago wanka da sabulu ku ɗaura masa ƙyalle a wuya ku zaga gari da shi kafin Layya ba?"

Idan kana son ka ga fuskarsa ta washe, tambaye shi zakarun da suka fito daga hannunsa. Zai ajiye kofin shayi ya jero maka su yadda maroƙi ke jero sarakuna. Ta farko Guguwa, ja ce, wadda ta shiga fili manyan masu kiwo suna yi mata kallon 'yar ƙauye, ta fita da kofi. Sai ɗanta Takobi, mai girman kai, wanda ba ya cin abinci idan ana kallonsa. Sai Barewa, ita ma jinin Guguwa, wadda ta ci shekara biyu a jere, a ta uku kuma ta kwanta a tsakiyar fili ta yi hamma a gaban alƙali, don ita a ganinta ta gama magana. A takardun kulob kowannensu yana da wani dogon suna na Faransanci da maigidan ya raɗa masa, amma babu wanda ya taɓa amsa shi. Da Hausa aka raine su, da Hausa ake yi musu faɗa, kuma kafin kowanne ya shiga fili Baba Habibu yakan sunkuya ya raɗa masa kirari a kunne, yadda ya ga mahaifinsa yana yi a bakin daji. Na je zauren kulob ɗin na ga hotunan. Ga kare, ga kofi, ga maigida yana murmushi, a gefe kuma ga wani baƙin hannu riƙe da igiya, mai hoto ya yanke sauran jikin.

Har lissafin gidansa da su yake yi. Ka ce masa yaushe aka haifi 'yarsa Mahasin, sai ya ce shekarar Takobi. Wannan yana ƙona ran matarsa, Inna Awadiyya, ba kaɗan ba. "Ka ji shi ko, Ukasha? Ni na yi naƙuda, kare ya samu suna." Ita ce ta kafa doka tun tana amarya, cewa ko silin gashin kare ba zai tsallake ƙofarta ba, shi kuma bai taɓa karya dokar ba. A gona yake wanka ya sake kaya, ya dawo fes yana ƙamshin turaren sandal. Ɗalibanmu sukan zo shan shayi gidansa ranar Juma'a, kuma ba a rasa ranar da gardama ke tashi a kan hukuncin kare, wannan ya jawo maganar Malikawa, wancan ya jawo ta Shafi'awa. Shi dai sai ya yi ta zuba musu shayi. In sun matsa masa ya ce, "Ku malamai ne, ku ƙarasa. Ni dai na yi wanka."

Abin da ya yi a farkon shekarar 2011 ba daga bakinsa na ji ba. Isam ne ya ba ni labari, wani ƙaton Bamisire mai 'ya'ya huɗu da ke kula da dawakin gonar. Lokacin tsohon maigidan ya rasu, gonar tana hannun 'yarsa Madam Nada, ita kuma rikicin juyin juya halin Masar ya rutsa da ita a ƙasar waje. Gari ya hargitse, motocin haya sun yi ƙaranci, kowace unguwa ta kafa shingenta da sanduna, ma'aikatan gona kowa ya gudu ƙauyensu. Isam kaɗai ya rage, ga dawaki, ga karnuka suna kukan yunwa, shi kuwa ko abin da suke ci bai sani ba. Wata safiya yana tsaye a bakin ƙofa sai ya hango mutum tafe a gefen magudanar ruwa da buhu a ka. Baba Habibu ne, tun daga Ard al-Liwa a ƙafa, ɗauke da busasshen burodi da ƙafafun kaji. Baƙin mutum ne a lokacin da ake yi wa kowane baƙo kallon tuhuma. A kowane shinge sai an sauke buhun an zazzage, a tambaye shi na wane ne, ya ce na karnuka ne, a yi masa dariya a ce ya wuce. Bai koma gida ba sai da hanya ta buɗe. Inna Awadiyya ta ce ita ta san ranar da gwiwoyin mijinta suka fara lalacewa, ba sai likita ya gaya mata ba.

Kai ne, Baba, ka yi wannan tafiya babu wanda ya aike ka, kuma da ka zauna a gida babu mai zarginka. Na Awadiyya, uban saluƙai. Mu da muke ƙofa da ƙofa da kai ba mu sani ba sai bayan shekaru, don da ka dawo abin da ka tambaya kawai shi ne ko an samu iskar gas a unguwa.

Bayan wannan kulob ya dakatar da gasa na wasu shekaru, gonar ta yi tsit. A cikin wannan shirun aka haifi Zabuwa, jikar Barewa, fara mai ɗigo-ɗigon baƙi. Uwarta ta mutu wurin haihuwa, 'yan uwanta ba su yi kwana ba, ita kaɗai ta rage a zuriyar Guguwa duka. Baba Habibu ya raine ta da bulumboti, yana ɗauke da ita cikin rigarsa yana aiki. Babu gasa, babu baƙi, babu hayaniya, sai ta tashi ba ta san kowa a duniya ba sai shi.

Ƙarshen 2014 gwiwar ta kayar da shi, ni na raka shi asibiti. Likita ya ce tafiya a hankali ba laifi, amma sassarfa da dogon tsayi sun ƙare, ya kamata ya huta. 'Yan kwanakin da ya yi a kwance Zabuwa ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi cin komai. Isam ya kawo nama, ya kawo madara, ko kallo ba su ishe ta ba. Ranar da Baba Habibu ya koma gona yana dogara sanda ya tarar haƙarƙarinta duk a waje.

Madam Nada ta zaunar da shi a inuwar mangwaro. Ta ce, "Amm Habib, ba zan ɓoye maka ba. Wannan karya ba tawa ba ce, taka ce kai kaɗai. Ranar da ka zauna a gida za ta kwanta ta mutu a gabana, ni kuma ba zan iya gani ba. Ka tafi da ita, na ba ka. Tsofaffin karnukan su ƙarasa kwanansu, in rufe wurin, khalas, shi ke nan."

Ya dawo gida da maganar, ni ma ina zaune. Abin da ya ba ni mamaki Inna Awadiyya ce. Matar da ta shekara talatin tana tsaron ƙofarta daga gashin kare ta dubi mijinta ta ga yadda ya zabge, ta ce, "Kawo ta. Sai a yi mata wuri a rufin bene." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Yana so, wallahi yana so. Ya juya kofi a hannu ya ce, "Awadiyya, Allah Ya saka miki. Amma saluƙi a kan rufi, tsakanin igiyoyin shanya da tankin ruwa? Gudu aka halitta ta ta yi. Kuma in na kawo ta nan, gidan Guguwa ya ƙare a kanta. Ni na ɓata abin. Na raine ta kamar ba zan tsufa ba."

Washegari ya roƙi Madam Nada alfarma ɗaya. An sanar cewa gasa za ta dawo a farkon 2015. Ya ce ta ba shi zuwa ranar. Idan Zabuwa ta zaga fili a hannun Isam, a bar wurin karnuka a buɗe, Isam ya gaje shi, a nema mata miji ta haihu. Idan ta ƙi, ya yarda a rufe. Madam Nada ta amince, ko da yake daga baya ta gaya wa Isam don kunyar tsohon kawai ta amsa.

Baba Habibu ya ce a Mai Wurno idan mafarauci zai bar wa wani karensa, ba ya korarsa kuma ba ya dukansa. Janye jiki yake yi, ya bar sabon ubangidan ya zama shi ne abinci, shi ne ruwa, shi ne murya. Sai ya tuɓe rigar aikinsa ba wanki ya ba Isam ya sa, don ta riƙa jin warin da ta sani a jikin wani. Rigar ko maɓalli ba ta rufe wa Isam, haka ya yi ta yawo da tumbi a waje. Ya koya masa yadda ake gyara mata tsayuwa, da yadda ake riƙe igiya sako-sako, ya kuma sa shi haddar kirarinta: "Zabuwa jikar Barewa, taka sannu, filin naki ne." Ban taɓa jin an wahalar da Hausa irin yadda Isam ya wahalar da ita ba, amma ya dage.

Mai wuyar shi ne abin da Baba Habibu ya ɗora wa kansa. Ya daina kiran sunanta. Kullum yana zuwa gona don tsofaffin karnuka, kuma dole ya bi ta gaban ɗakinta. Tana jin takunsa za ta miƙe, ta zuro ƙafa ta cikin waya tana wani siririn kuka, shi kuwa ya wuce kamar bai ji ba. Isam ya ce in ya bi shi a hankali sai ya same shi a bayan sito, zaune a kan bokiti, ya haɗa kai da gwiwa. Wata rana Isam ya kasa daurewa ya ce, "Amm Habib, don Allah ko kanta ka shafa." Ya ce, "In na taɓa ta yau mun koma ranar farko. Je ka ba ta abinci."

Da fari loma biyu take ci ta juya baya. Shi ma a gida haka yake yi wa tuwon asida, har Inna Awadiyya ta ce ita ba ta san wa ke koyi da wani ba tsakanin mijinta da karyar. A hankali Zabuwa ta soma ci daga hannun Isam, ta soma binsa da igiya iyakar mangwaro ta dawo. Ranar da ta fara kaɗa wa Isam wutsiya, Baba Habibu ya shigo da babban faranti na basbusa, wani kek mai zaƙi na Misirawa, ya raba wa benen nan kaf, har da mai gadi. Shi bai ɗanɗana ba, ya ce zaƙi ya yi masa yawa.

Ranar gasa ya sa jallabiyarsa ta Idi, ya naɗa farin rawani, muka tafi tare. Masu gadin kulob suna ganinsa suka taso da murna, Amm Habib ya dawo, suka wangale masa ƙofa. Sai na ga ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebi ƙasa, ya sake ta a hankali yana kallon inda iska ta kai ta. Ya gaishe su ya juya, ya bi katanga har ɓangaren da iska ba za ta kai warinsa cikin fili ba. Akwai mai shayi a wurin, ya ja kujera ya zauna.

Na ce, "Baba, ba za ka shiga ba? Ko can baya cikin mutane?"

Ya ce, "Hancinta ya fi idonka, ɗan Funtuwa. Yalla, maza shiga ka zame mini ido."

Tun daga zamanin Guguwa ba a taɓa yin wannan gasa babu shi a tsakiyar fili ba. Na shiga raina babu daɗi.

Ciki kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. Karnuka iri-iri, wani ya kai ɗan maraƙi, wani in ka gan shi a ƙasa sai ka ɗauka tsumman goge daɓe ne. Na zauna kusa da Madam Nada. Da aka kira saluƙai sai ga Isam cikin kwat, gumi har ya jiƙa masa wuya, Zabuwa a gefensa. Alƙaliyar wata tsohuwar Baturiya ce. Ta buɗe bakin Zabuwa, ta shafa bayanta, Zabuwa ta tsaya cak yadda aka koya mata. Sai alƙaliya ta yi nuni da hannu a zaga.

Isam ya ɗaga ƙafa, Zabuwa ba ta motsa ba. Ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iska, ta juya kai wajen ƙofa. Madam Nada ta damƙe hannun kujera. Ni kuwa na san wanda take nema, na kuma san inda yake zaune. Isam bai ja igiya ba. Ya durƙusa a gaban manyan mutanen nan da kwat ɗinsa, ya kai baki kunnenta. Ban ji abin da ya faɗa ba, amma na ga laɓɓansa, na gane karyayyiyar Hausar nan ce. Ta sauke kai, ta dube shi, suka tafi.

Ni ba masanin tafiyar kare ba ne. Abin da na sani shi ne ƙafafunta kamar ba sa taɓa ciyawa, kuma kafin su gama zagaye na tsinci kaina a tsaye ina tafi. Ita aka zaɓa a cikin saluƙai. Babban kofin shekara kuwa aka ba wa wani ɗan mitsitsin farin kare mai gashi har ƙasa, wanda ko idonsa ban gani ba, kuma har gobe ina cewa an yi son kai. Madam Nada ba ta damu da kofi ba. Ta share ido ta ce mini, "Ka gaya wa Amm Habib gona tana nan, Isam ma yana nan."

Na same shi yadda na bar shi, shayin gabansa ya huce bai taɓa ba. Na fara zuba masa labari, ga abin da Madam ta ce, ga zaluncin da aka yi mana a kan kofi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ta neme ni?"

Na ce, "Ta ɗaga hanci ta dubi ƙofa. Isam ya yi mata magana, ta bi shi."

"Sau nawa ta ɗaga?"

"Sau ɗaya, Baba."

Ya dubi katanga. Can ya ce, "To, alhamdu lillahi. Da ba ta ɗaga ba sam, da na ji ciwo. Da ta ɗaga sau biyu, da na yi aikin banza." Ya goge fuska da bakin rawani, ya ce wa mai shayi ya sake ɗumama masa.

Baba Habibu, mun gode. Kai ne ka fitar da zakaru ba a san fuskarka ba, kuma kai ne da lokaci ya yi ka ɓanɓare abin da ka fi so daga jikinka da hannunka don ya rayu bayanka. Ina kira ga malamanmu, da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, da masu sana'a a cikinmu, da duk wanda ya riƙe wani abu har ya fara jin in babu shi ba za a iya ba, ya zo Ard al-Liwa ya sha shayi wurin wannan tsoho. Ku koyar da na bayanku tun kuna da ƙafa, ku kuma daure ku koma gefe ku bar su su yi.

Yanzu yana gida, yana jinyar gwiwa, yana damun Inna Awadiyya da surutu. Zabuwa tana da ciki. Isam ya yi ta aiko masa ya zo ya gan ta, ya ce a'a, sai ta haihu hankalinta ya koma kan 'ya'yanta. Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba, Ya kai ka ranar. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa a waiwayo a neme mu sau ɗaya, sannan a ci gaba da tafiya.